Gangar Baba a Kwamfutar Ofis

Duk tasowarku abin da na gaya muku game da kakanku shi ne manomi ne a Ƙarfi. Ban yi muku ƙarya ba, yana da gona, ya kuma noma ta har ƙarfinsa ya ƙare. Amma ba da noma aka san shi ba. Makaɗi ne. Sule Maiganga ake ce masa, kuma a zamaninsa in za a yi gayya a ƙauyukan da ke tsakanin Malumfashi da Funtua, mai gona ba ya samun natsuwa sai ya ji an ce Sule ya amsa zai zo. Zainab ta san wani abu daga cikin wannan labari saboda ya shafi aurenta. Ku ƙannenta ba ku sani ba, kuma na fi son ku ji shi daga bakina tun ina da ran faɗa.

Ina yaro nakan bi shi gona. Samari su jera da garemani, kowa ya kama kuyyarsa, shi kuma ya rataya ganga yana tafe a bayansu, yana kiran sunan kowa da na ubansa da na kakansa. Wanda ya fara sanyi, da ya ji an ambaci kakansa sai ka ga ƙasa na tashi. A lokacin ban san akwai abin kunya a ciki ba, gani nake babu uban da ya kai nawa. Sai da aka kai ni makarantar kwana na ji ana ce mini ɗan maroƙi. In an raba abinci wani ya ce a ƙara wa ɗan maroƙi kada ya yi mana zambo, a yi ta dariya, ni ma in yi. Daga nan na koyi rufe baki. Da na sami aiki a wani kamfanin iri a Funtua na rubuta sunana Haruna Sulaiman, duk wanda ya tambayi sana'ar gidanmu in ce noma. A gida kuwa Ɗanjuma ake kirana, ba wanda ya san wannan suna a wurin aiki. Mahaifiyarku ta san komai tun kafin mu yi aure, ba ta taɓa damuwa ba, ta kuma sha ce mini ɓoyon nan ba shi da amfani. Ban saurare ta ba. In za mu kai ku Ƙarfi da Sallah nakan aika wa Inna, kakarku, ta kawar da gangar daga ɗakin Baba ta kai ta ɗakin hatsi. Baba yana ganin ana sauke ta daga bango kwana ɗaya kafin mu iso, bai taɓa tambayata dalili ba. Lokacin ma gayya ta yi baya, maganin feshi da tarakta sun shigo, ba a cika kiransa ba.

Shekarar da nake son ba ku labarinta ita ce wadda ɓarin jikin Baba ya shanye. Farkon damina ne, ya faɗi a bakin gona. Ya tashi, amma hannun dama ya daina aiki, maganarsa ta koma sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane. Bayan an sallamo shi daga asibiti, ƙanwata Hajara, gwaggonku, tana gyara akwatin Inna ta tsinci wani tsohon kaset a naɗe cikin ɗankwali. Wani malamin makaranta ne ya ɗauka da rakodarsa a wata babbar gayya shekaru da yawa baya, ya ba Baba kyauta. Babu sauran rakoda mai aiki a gidan, sai Hajara ta ba ni ta ce in nemi inda za a ji abin da ke ciki.

Na kai wa Injiniya Bashir, wanda ke kula da kwamfutocin kamfaninmu. Mutumin Danja ne, mai shiru-shiru, ba ya shiga abin da ba a sa shi ba. Ya aro rakoda, ya haɗa waya, ya juye kaset ɗin cikin kwamfutar da nake aiki da ita. Zaren ya tsufa. Ya zagaya sau ɗaya lafiya, da muka so maimaitawa rakodar ta tauna shi ya dunƙule, Bashir ya yi ta fama da tsinke bai warware ba. Amma abin da ke ciki ya riga ya shiga kwamfuta.

“Malam Haruna, ka kawo filasha ko memori in sa maka ka tafi da shi gida,” in ji Bashir. “Ba a barin irin wannan a wuri ɗaya.”

“Zan kawo,” na ce.

Ban kawo ba. Wayata a lokacin ƙarama ce mai tocila, ba ta ɗaukar memori, wannan shi ne uzurin da na ba kaina. Gaskiyar ita ce in na kai shi gida za ku ji, in kun ji za ku tambaya wane ne. A ofis kuwa nawa ne ni kaɗai.

Aikina shigar da bayanan manoman da ke noma wa kamfani iri: sunan mutum, ƙauyensa, girman gonarsa, irin da aka ba shi, da sakamakon gwajin tsiro in an kawo amfanin. Aiki ne na zama tun safe har la'asar, ido a kan lambobi. Ba a hana sauraron komai ba a lokacin. Malam Iliya, abokin aikina da muke karɓa-karɓa da kwamfuta ɗaya, karatun Alƙur'ani da labarai yake ji, sakatariya kuma waƙoƙin soyayya. Ni na sayi iyafis a kasuwa, in na zauna in sa a kunne ɗaya, in bar ɗayan saboda kiran manaja. Abin da ke cikin kaset ɗin bai kai awa ɗaya ba, na haddace shi kamar sunana. Akwai ƙarar garemani suna shiga ƙasa mai laima, akwai guɗar mata daga nesa, akwai wata akuya da ta yi ta kuka kusa da mai rakodar. Ganga na tafiya a ƙarƙashin duk wannan, muryar Baba a sama, mai ƙarfi, ba irin wadda na baro a kan tabarma ba. Wani lokacin ina buga sunan wani manomi daga Ƙarfi, sai in ji Baba yana kiran uban mutumin a kunnena. Can wajen tsakiya sai ya sassauta kiɗan ya ce:

“Ina Ɗanjuma ɗan boko? Ya tafi noman alƙalami. Ku bar masa kuyyarsa, ni zan kama masa.”

Mutane su yi dariya, ganga ta koma da ƙarfi. Baba ba mutum ne mai yabon ɗansa a gaban idonsa ba. Ban taɓa sanin ya ambace ni a gona ba sai a wannan kaset. Nakan mayar da wurin baya sau uku, sau huɗu a yini. Wata huɗu na yi a haka, kuma ban tuna wani lokaci da aiki ya yi mini sauƙi kamar waɗannan watanni ba.

Ana cikin haka maganar auren Zainab ta taso. Kabiru, ɗan manajanmu Alhaji Mamman, ya gan ta a bikin wata ƙawarta, suka daidaita, iyayensa suka aiko neman izini. Alhaji Mamman ɗan babban gida ne a Malumfashi, gidan malamai da alƙalai. Na yi farin ciki, na kuma ji tsoro, don na san za su yi binciken asali. Na riƙa lissafin wanda za su tambaya a Ƙarfi da abin da zai ce. Na riƙa gaya wa kaina cewa Baba ya daɗe da ajiye ganga, watakila a ce musu manomi ne kawai.

Sai bairos ya shiga kwamfutocin hedikwata ta hanyar filashar wani ma'aikaci, bayanan manoma na rassa biyu suka lalace. Takarda ta zo daga sama: daga yau ba filasha, ba memori, ba iyafis a bakin aiki, ba sauraron waƙa ko kallon komai a kwamfutar kamfani, za a toshe duk wata kafa ta intanet in ba ta aiki ba. Za a goge kowace kwamfuta a sake zuba mata manhaja. Wanda ke da wani abu nasa a ciki ya faɗa a gaban manaja, ya sa hannu a takarda, a duba abin a tabbatar ba shi da cuta, sannan a juye masa a faifai. Abin da ba a sami mai shi ba za a goge. Ba zan ce dokar zalunci ce ba. Aikin mutane na shekaru ya salwanta, dole su yi wani abu. Kuma sun bar ƙofa a buɗe ga duk mai son ya ceci nasa.

Ranar Alhamis Bashir ya zo ɗakinmu da takardar, Alhaji Mamman na tsaye a bayansa, ma'aikata kusan shida sun taru saboda ɗakinmu ne na ƙarshe. Malam Iliya ya karɓi karatunsa ya sa hannu. Sakatariya ta karɓi waƙoƙinta ana yi mata tsiya. Aka zo kan wani abu da ba shi da suna sai lamba. Bashir ya san ko mene ne, ya so ya wuce shi, amma Alhaji ya ce a buɗe a ji. Gangar Baba ta fito ta lasifika ta cika ɗakin. Ban taɓa jin ta a fili haka ba tun ina yaro. Wani direba ya fara rausaya kafaɗa, wani ya ce wannan ai kiɗan mutanen da ne, wane ne ɗan ƙauyen a cikinmu. Aka yi dariya irin wadda na sani tun makarantar kwana.

“Na wane ne?” in ji Alhaji Mamman.

Malam Iliya ya ce ba nasa ba ne. Bashir ya ɗago ya dube ni, biro na hannunsa a kan takardar.

“Malam Haruna?” Alhaji ya sake tambaya.

“Ban san shi ba, ranka ya daɗe. Watakila na wanda ya riƙe kwamfutar kafin mu ne.”

Alhaji ya ɗan tsaya yana saurare, sannan ya ce a kashe, ya fita. Bashir ya naɗe takardarsa. Da ɗakin ya watse ya dawo ya sunkuya kusa da ni ya yi magana a hankali.

“Gobe ina nan har la'asar. Ka zo kai kaɗai, in kai wa Alhaji takardar ya sa hannu a cikin sauran. Ba zai karanta ba.”

Na ce to. Ranar Juma'a na zo aiki, na wuce ƙofar Bashir sau biyu. Karo na farko akwai mutane a ciki. Karo na biyu shi kaɗai ne, amma na hango motar Alhaji a waje, na ce in sunana ya bayyana a takarda bayan na musa a gabansa, na zama maƙaryaci ga mutumin da zai zama surukina. Bayan masallaci ban koma ofis ba. Na ce Litinin, in hankali ya kwanta. Ranar Asabar mutanen hedikwata suka iso, kwana biyu kafin ranar da aka sa za a goge kwamfutocin. Litinin da safe na kunna kwamfuta na tarar da ita fes, sabon hoto a fuskarta, an liƙe ramukan filasha da gam. Bashir ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa.

“Na jira ka har aka kira magariba,” ya ce. “Asabar da safe suka karɓe makullin ɗakina. Na so in ɗauka a ɓoye, amma suna tsaye a kaina.”

Na ce ba komai, ba laifinsa ba ne. Na zauna na ci gaba da buga sunaye. Ɗakin ya yi shiru tun daga ranar, ba abin da ake ji sai fanka da ƙarar madannai. Na riƙa yin kuskuren da ban saba yi ba, in sa gonar wani a sunan wani. Hannuna yakan kai kunne da kansa ya tarar babu komai. Da na gaya wa mahaifiyarku ba ta yi mini faɗa ba. Ta daɗe tana tsince shinkafa, sannan ta ce:

“Hajara za ta tambaye ka kaset ɗin.”

Bayan kamar mako uku Alhaji Mamman ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa da kansa. Ya ce ƙannensa sun je Ƙarfi sun dawo, ba su ji komai ba sai alheri, za su zo sa rana. Na yi godiya, na yunƙura zan tashi, ya ce in zauna.

“Malam Haruna, ina da shekara goma sha biyu mahaifinka ya yi kiɗa a gonar babana. Ranar nan ina jin bugun farko na gane hannunsa. Na san ɗan wane ne kai tun shekarar da na zo kamfanin nan. Na tambaye ka ne don in ce a juye mini nawa.”

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

“Da ka ce ba ka san shi ba, na ga in na matsa zan kunyata ka a gaban yaranka na aiki. Na ɗauka kana da wani a gida.”

Na ce babu wani. Ya cire tabarau ya murza idanunsa, ya ce Allah ya kyauta, da ya sani da ya hana a taɓa kwamfutar. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, kuma ya riƙe Zainab kamar 'yar cikinsa. Amma duk lokacin da muka haɗu a suna ko a Sallah, nakan ji nauyin da ba na surukuta ba.

Ranar Asabar ta makon na shiga mota zuwa Malumfashi, na hau babur zuwa Ƙarfi. An fara yankan dawa. Na tarar da Baba a inuwar zaure a kan buzu, Hajara na ba shi kunu. Na jira ta tashi, na gaya masa duka, ban rage ba: kaset ɗin, watanni huɗun, tambayar da aka yi, amsar da na bayar. Na haɗa da maganar sauke ganga daga bango duk Sallah. Yana saurare yana kallon ƙofar gida. Da na gama ya yi magana, sai da ya maimaita kafin na gane.

“Wace gayya ce?”

Na ce wadda wani malamin makaranta ya ɗauka, akwai akuya mai kuka a ciki. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

“Ranar an yi yayyafi. Fatar ta yi sanyi. Ba ta yi daɗi ba.”

Na ce a kunnena ta yi daɗi. Sai ya ce in je ɗakin hatsi in ɗauko gangar. Na same ta a bayan buhuna, inda aka ajiye ta tun Sallar da ta wuce, ƙura ta rufe ta, ɓera ya ci igiya ɗaya. Na goge ta da hannun rigata na ajiye a gabansa. Ya ɗora tafin hagu a kan fatar, ya buga sau uku ko huɗu, sautin ya fito a dakushe, hannun ya gaji. Ya tura mini sandar kiɗan da ƙafa. Na ɗauka, na riƙe, ban san yadda ake yi ba. Ina da shekara arba'in da wani abu, ɗan Sule Maiganga na cikinsa, ban iya fitar da bugu ɗaya daidai ba. Ya dube ni, ya ce in mayar da ita bangon ɗakinsa, kada a sake saukewa. Na rataye ta da hannuna. Bai kai bikin Zainab ba, ya rasu saura wata guda.

Na yi shekara goma sha ɗaya a kamfanin bayan wannan, a ɗaki mai shiru, har na yi ritaya. Na nemi malamin da ya ɗauki kaset ɗin, aka ce ya koma wajen Musawa, da na je na tarar ya rasu, 'ya'yansa sun ce an zubar da kaset-kaset ɗinsa da aka yi gyaran gida. Na bi masu tura waƙoƙi a memori a kasuwar Funtua da ta Malumfashi da ta Danja, rumfa rumfa, ina tambayar tsohon kiɗan noma. Sun kunna mini da yawa, masu daɗi, babu nasa. Har yanzu in na je kasuwa nakan tsaya. Abin da na haddace ma ya fara zubewa. Sunayen da yake kira a farko ina da su, na ƙarshen sun tafi, muryar kuma wani lokacin in na nemo ta a kaina sai ta zo da irin maganarsa ta bayan ciwo.

Gangar tana wurin gwaggonku Hajara a Ƙarfi. Ita ta fi ni riƙe kalmominsa, domin ita ba ta taɓa toshe kunnenta ba, kuma ta tsufa. Ku je da wayoyinku tun tana nan. Ku zauna, ku ce ta faɗa muku yadda yake kiran mutane a gona, ku ɗauka, kowannenku ya ajiye nasa. In an tambaye ku jikokin wane ne, ku ce na Sule Maiganga.